Gado, muhalli da abin da mutum ya yarda da shi: tambayoyi da amsoshi

Shekaru da dama ina koyar da ilimin halittu a sakandare, kuma duk zangon da muka iso darasin gado sai aji ya cika da tambayoyi. Daga baya na lura ba ɗalibai kaɗai abin ke ci wa tuwo a ƙwarya ba. Iyaye kan tare ni a bakin makaranta, masu shirin aure kan turo saƙo cikin dare, abokan zama a majalisa kan ɗauko zancen bayan la'asar. Yawancinsu tsoro ne ke kawo su: uba ya rasu da ciwon suga, ko an ce yaro ya gaji daƙiƙanci, ko an fasa aure saboda wata magana da aka ji a kan dangi. Na tattara tambayoyin da suka fi maimaituwa, na fara da na tushe. Wanda ke fama da ciwo a jikinsa ya karanta, amma ya je ya ga likita.

Malam, me ake nufi da gado a jikin mutum?

An gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A cikin kusan kowace ɗaya akwai dogon zare da ake kira DNA, a nannaɗe cikin ƙunshi 46 masu suna kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Zaren nan rubutu ne mai haruffa huɗu kacal, amma sun jeru har kusan biliyan 3 a kason da kowane mahaifi ya bayar. Wasu sassan rubutun su ne ƙwayoyin gado, wajen 20,000, kowace ɗauke da bayanin yadda jiki zai haɗa wani sinadari da yake buƙata. A shekarar 2003 masana daga ƙasashe da yawa suka sanar da kammala karanta wannan rubutu.

Kakanninmu sun san da gado tun ba a ƙirƙiro madubin ba. Su suka ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma makiyayi ba ya barin kowane bijimi ya hau shanunsa. Ya zo a hadisi cewa wani mutum ya je wa Annabi (SAW) yana shakkar ɗansa saboda launinsa ya bambanta da nasa. Aka tambaye shi ko a cikin jajayen raƙumansa akwai mai launin toka, ya ce akwai, wataƙila ya ɗauko ne daga wani kakansa. Aka ce masa to ɗan nasa ma wataƙila haka ne.

To idan an riga an rubuta komai tun a ciki, ai shi ke nan ko?

Ɗebi irin gero daga dami ɗaya. Rabi ka shuka a gonar da ta sha taki, ruwa ya sauka a kan kari, aka yi noma aka yi maimai. Rabin kuma ka zuba a faƙo, ka bar shi da ciyawa da wuta-wuta. Da kaka ba za ka ce iri ɗaya ne ba. Irin shi ya yanke cewa gero zai fito, ba dawa ba, amma tsawon karan da cikar zangarniya sai an tambayi ƙasa da ruwa da manomi.

Haka abin yake ga mutum, har a kan tsawo, wanda kowa ya san ana gadonsa. Mutanen Koriya al'umma ɗaya ce, aka raba ƙasarsu biyu a 1945. Kudu ta bunƙasa, Arewa ta sha yunwa, musamman a shekarun 1990, kuma yau matasan Kudu sun fi na Arewa tsawo da santimita da yawa. Wani babban bincike da aka fitar a 2016 ya nuna matan Koriya ta Kudu sun ƙaru da kimanin santimita 20 cikin shekara ɗari. Ƙwayoyin gadon al'umma ba sa canzawa da irin wannan sauri. Abinci ne ya canza, da ruwan sha, da rigakafi.

Ko cikin amya akwai darasi. Tsutsar da za ta zama sarauniyar zuma ba ta da wani gado na daban da 'yan uwanta mata. Abinci na musamman ake ɗura mata, sai ta girma ta fi su, ta yi ta zuba ƙwai, ta rayu shekaru, alhali ma'aikaciyar zuma a lokacin aiki makonni kawai take yi.

Babu abin da gado shi kaɗai ke yankewa?

Akwai, kuma wanda ya fi damun mu shi ne sikila, wato amosanin jini. Harafi ɗaya ne ya sauya a cikin ƙwayar gadon da ke haɗa sinadarin jan jini. Wanda ya karɓi wannan sauyi daga uwa da uba duka shi ne SS, kuma babu abinci ko tunani da zai mayar da shi AA, wato wanda bai karɓi sauyin ba ko kaɗan. Wanda ya karɓa daga ɓangare ɗaya kawai shi ne AS. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zama SS. A lura da kalmar kowane: lissafin sabo ne a duk ciki, don haka ana iya haihuwar huɗu duk lafiya, ana iya haihuwar uku a jere duk masu ciwon. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, kuma ana ƙiyasta haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu sikila a shekara, adadin da ya fi na kowace ƙasa. Shi ya sa na yi murna da Jihar Kano ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024.

Amma ko a nan muhalli bai fita ba. A Ingila da Amurka fiye da kashi 90 cikin ɗari na yaran da aka haifa da sikila suna kaiwa girma, a ƙauyukanmu kuwa da yawa ba sa cika shekara biyar. Ciwo ɗaya ne. Bambancin shi ne gano shi da wuri, gidan sauro, allurar rigakafi, maganin hana kamuwa da ƙwayoyin cuta, shan ruwa sosai, rufe jiki a sanyin hunturu, da samun asibiti mai jini a kusa idan ciwon ya tashi.

Kuma me ya sa ciwon ya yawaita a nan bai yawaita a Turai ba? Sauro. Tun 1954 wani likita mai suna Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa masu AS sun fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Cikin dubban shekaru masu AS suka fi rayuwa suka hayayyafa. Ke nan muhalli ne ma ya zaɓi gadon tun da farko.

Matata mata zalla take haifa. Daga wajenta ne?

A'a. Ƙwan mace kullum kuromosom X yake ɗauke da shi. Maniyyin namiji ne ke zuwa da X ko Y: idan X ya riga isa, mace, idan Y, namiji. Shi ma mijin ba shi da iko a kan wanda zai riga. Na ga matan da aka yi wa gori shekara da shekaru, har aka yi musu kishiya a kan wannan, kuma abin yana ƙona min rai, domin ko ta ina aka duba ba su da hannu a ciki.

Cutar da ta bi gida, ta kama kaka da uba da jika, ba gado ba ce?

Ba lallai ba. 'Yan gida ɗaya jini ya haɗa su, amma tukunya ma ta haɗa su, da rijiya, da ɗakin kwana, da hayaƙin murhu. An daɗe ana cewa gidan wane gidan kutare ne, ana gudun aurensu, alhali tun 1873 aka gano kuturta ƙwayar cuta ce ke kawo ta, tana yaɗuwa ta doguwar cuɗanya, kuma yau ana warkewa da magani da ake bayarwa kyauta. Tarin fuka ma haka: ɗaki ɗaya marar taga ya isa ya sa ya zagaye gida.

Abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya kamata ya zauna a zuciyar kowa. A ƙauyuka irin su Dareta da Bagega yara suka riƙa suma suna jijjiga suna mutuwa, gida bayan gida, har aka rasa aƙalla 400. Wanda ya duba daga nesa zai iya cewa wani abu ne a jinin mutanen. Dalma ce. Ana kawo duwatsun zinariya cikin gida ana niƙa su, ƙurar mai guba tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Da aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka ba yara magani, mace-macen suka ragu ƙwarai. Sai dai dalma tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma wasu daga cikin waɗanda suka tsira za su sha wahalar karatu har abada. Ina fatan kada wani malami ya kira su daƙiƙai.

Me tagwaye ke koya mana?

Tagwaye iri biyu ne. Akwai waɗanda ƙwai biyu ne suka zo tare, kamar Hassan da Husaina, gadonsu kamar na sauran 'yan uwa. Akwai waɗanda ƙwai ɗaya ne ya rabu biyu, masu kama ɗaya sak, DNA ɗinsu kusan ɗaya. Masana suna kwatanta iri biyun don su auna nauyin gado. A 2015 aka haɗa binciken tagwaye na shekara 50, da ya shafi tagwaye sama da miliyan 14, aka ga a tsakaice gado yana bayyana kusan kashi 49 cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin mutane, sauran kuma muhalli ne da abin da kowa ya ci karo da shi a rayuwa.

Duk uwar tagwaye ta san wannan ba tare da lissafi ba. Masu kama ɗaya ma zanen yatsunsu daban ne, ɗaya mai surutu ɗaya shiru-shiru, ɗaya ya kamu da ciwo ɗaya ya tsira. Dalilin da ya sa suke ƙara bambanta da shekaru yana cikin wata amsa da ke tafe, wadda ta yi magana a kan baƙi da wasali.

Idan an ce abu kaza kashi 50 gado ne, rabin nawa ke nan ba zai canzu ba?

Nan mutane da yawa ke kuskure, har da masu ilimi. Wannan adadi yana magana ne a kan bambancin da ke tsakanin jama'a a wani wuri, a wani lokaci. Ba ya raba mutum ɗaya gida biyu. Koma kan geron nan: a cikin gonar da ta sha taki ko'ina daidai, duk bambancin tsawon kara daga iri ne. Amma tazarar da ke tsakanin wannan gona da ta faƙo gaba ɗaya daga ƙasa ce. Abu yana iya zama na gado sosai kuma ya gyaru da sauƙi, kamar yadda za a gani a labarin yarinya mai tabarau a tambayar karatu.

Da gaske ne muhalli yana taɓa ƙwayoyin gado su kansu?

Wanda ya yi makarantar allo zai gane wannan da sauri. Baƙi yana nan yadda aka rubuta shi, amma wasali ne ke faɗa maka yadda za ka karanta. DNA shi ne baƙin. A kansa jiki yana ɗora wasu ƙananan alamomi na sinadarai masu cewa a karanta wannan, a yi shiru a kan wancan. Shi ya sa ƙwayar ido da ta hanta suke da rubutu ɗaya amma aiki daban. Ilimin waɗannan alamomi ana kiransa efijenetik, kuma abinci, hayaƙin taba, da tsananin damuwa suna iya sauya wasu daga cikinsu. Wani bincike a Sifen a 2005 ya ga tagwaye masu kama ɗaya suna da alamomi kusan iri ɗaya suna yara, amma manya, musamman waɗanda suka rayu nesa da juna, nasu sun bambanta sosai.

A ƙarshen yaƙin duniya na biyu, cikin hunturun 1944 zuwa 1945, sojojin Jamus suka tare hanyar abinci zuwa yammacin Holan. Kusan mutum 20,000 yunwa ta kashe. Jariran da ke ciki a lokacin an bi rayuwarsu har tsufa, aka ga sun fi tsararsu kamuwa da ƙiba da ciwon suga da ciwon zuciya. A 2008, bayan shekara sittin, aka auna jininsu aka tarar alamomin wata ƙwayar gado mai kula da girma sun bambanta da na 'yan uwansu uwa ɗaya uba ɗaya da ba su gamu da yunwar ba. A kusa da mu, a ƙauyukan yankin Keneba na Gambiya, masu bincike sun nuna a 2014 cewa jariran da aka ɗauki cikinsu da damina suna da alamomi daban da waɗanda aka ɗauki nasu da rani, kuma hakan yana da alaƙa da abin da uwa ke ci a kowane lokaci.

A yi hattara, don masu talla sun kama wannan kalma suna sayar da kaya da ita. Babu wani shayi ko ƙwaya da zai gyara maka alamomin nan yadda kake so. Maganar cewa suna wucewa zuwa jikoki kuwa ta fi tabbata a tsirrai da ƙananan dabbobi. A kan mutum har yanzu masana suna muhawara.

Wane lokaci ne muhalli ya fi tasiri?

Daga ɗaukar ciki zuwa yaro ya cika shekara biyu, abin da ma'aikatan lafiya ke kira kwanaki 1,000 na farko. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Idan aka ga yaro guntu sai a ce ya yo kakarsa, alhali kakar ma wataƙila tamowa ce ta tsumburar da ita. Abin da ke hana kara tsawo yana hana ƙwaƙwalwa cika. Ƙarancin sinadarin aidin kaɗai, wanda ke kawo maƙoƙo, yana dakushe basirar jariri tun yana ciki, kuma gishirin da aka sa wa aidin ya isa ya hana.

Ba ciki kaɗai ke buƙatar ci ba. A birnin Kingston na Jamaika, a 1986, aka ɗauki wasu yara tsumburarru, ma'aikatan lafiya suka riƙa zuwa gidajen wasunsu sa'a ɗaya a mako har shekara biyu, suna nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa magana, ta yabe shi, da kayan wasa na hannu. Bayan shekara 20 aka nemo su, aka tarar waɗanda aka yi wa ziyarar suna samun kuɗin shiga da ya fi na sauran da kusan kashi 25 cikin ɗari. Tatsuniyar kaka da daddare, da waƙar raino, da uban da ke zaunar da ɗansa a cinya yana amsa masa gwarancinsa, duk suna cikin wannan lissafi. Inda alkunya ta hana uwa kula ɗan fari, to a tabbatar akwai goggo ko kaka da ke yi.

An ce gidanmu ba a karatu. Basira gado ce?

Gado yana da rabo a ciki, ba zan ɓoye ba. Binciken tagwaye ya nuna haka. Amma makaranta ita kanta tana ƙara kaifin ƙwaƙwalwa. Wani nazari na 2018 da ya haɗa bayanan mutum sama da 600,000 ya nuna kowace shekarar karatu tana ƙara maki 1 zuwa 5 a gwajin basira. A ƙasashe da yawa sakamakon wannan gwaji ya riƙa hawa da kimanin maki 3 duk shekara goma a ƙarni na 20, yayin da abinci da makarantu suka inganta.

Na taɓa koyar da wata yarinya a aji biyu na ƙaramar sakandare. Kullum tana can bencin baya, tana kwafar rubutu daga littafin ta kusa da ita, kuma kullum ita ce kusa da ta ƙarshe. Da na yi wa mariƙiyarta magana sai ta ce, “Malam, kada ka wahalar da kanka, uwarta ma haka ta yi har aka cire ta.” Wata rana na kira ta gaban allo ta karanta abin da na rubuta. Sai na ga ta matso har hancinta ya kusa taɓa allon, ta ƙanƙance ido, sannan ta karanta tiryan-tiryan ba gargada. Shekara bakwai tana zaune a aji ba ta ganin allo. Aka kai ta asibitin ido aka yanka mata tabarau. Ba ta zama ta ɗaya ba, amma ta baro ƙarshen aji, ta gama sakandare da sakamako mai kyau. Har yau ina tunanin mahaifiyarta. Mai yiwuwa gaskiya ne yarinyar ta gaje ta, sai dai ido ta gada, kuma ita uwar ba wanda ya taɓa kiranta gaban allo.

Mahaifina da kakana duk ciwon suga da hawan jini ne ajalinsu. Ni ma ina hanya?

Haɗarinka ya fi na wanda babu ciwon a danginsu, don haka ka fi shi buƙatar kula. Amma dubi ƙabilar Pima, wadda wani ɓangarenta ke Arizona ta Amurka, wani kuma a duwatsun Meziko. Asalinsu ɗaya. Na Amurka, masu zirga-zirga a mota da cin abincin kanti, kashi 38 cikin ɗari na manyansu aka samu da ciwon suga. Na Meziko, masu noma da hannu, kusan kashi 7. Haka wani bincike na 1997 ya auna hawan jini a tsakanin baƙar fata: kashi 16 a Afirka ta Yamma, 26 a tsibiran Karebiyan, 33 a Amurka. Mu ma da muka koma birni, muka hau babur zuwa masallacin unguwa, muka riƙe lemon kwalba da ɗanɗano mai gishiri a kowace miya, adadinmu sai hawa yake.

A Amurka an gwada mutum sama da 3,000 da sugansu ya fara hawa, aka fitar da sakamako a 2002. Waɗanda aka taimaka wa suka rage kusan kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, suka riƙa tafiya da sauri minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari, fiye da na waɗanda aka ba ƙwaya. Minti talatin ke nan, kwana biyar a mako. Ka riƙa auna jini da suga ko da kana jin garau, domin duka biyun suna daɗewa suna ɓarna kafin su yi magana.

Abin da mutum ya yarda da shi a zuciya zai iya canza jikinsa?

Zai iya, zuwa wani haddi. Ma'aikatan asibitinmu sun san majinyacin da ba ya jin sauƙi sai an yi masa allura, ko da ƙwayar da ya raina maganin ɗaya ce. Likitoci sun daɗe da sanin cewa idan aka ba mai jin zafi ƙwayar da babu magani a cikinta, ya ɗauka magani ne, sau da yawa zafin yana raguwa. Ba ƙarya yake yi ba. A 1978 aka gwada wannan a kan waɗanda aka cire wa haƙori, aka ga idan an ba su maganin da ke toshe sinadaran kashe zafi na jiki, sauƙin yana ɓacewa. Ke nan sa rai ne ya sa jiki ya saki nasa maganin. Tsoro kuma yana yin akasi: damuwa mai tsawo tana hana barci, tana tayar da jini, tana raunana garkuwar jiki.

A Jami'ar Stanford, a 2018, aka yi wa mutum sama da 200 gwajin gado, sannan aka faɗa wa kowa sakamako ta hanyar ƙuri'a, ba na gaskiya ba. Waɗanda aka ce musu gadonsu ba ya jure gudu sun gaji da wuri fiye da yadda suka yi a gwajin farko, numfashinsu ma ya canza. Waɗanda aka ce musu suna da gadon saurin ƙoshi, sinadarin ƙoshi ya ƙaru a jininsu bayan cin abinci. Bincike ne ƙarami, amma ya sa na ƙara kiyaye bakina a aji.

A ganina babbar hanyar da imani ke bi ita ce ta aiki. Wanda ya yarda ciwon suga ya riga ya rubuta masa wasiyya ba zai rage tuwon dare ba. Yaron da aka ce masa gidansu ba a karatu zai ajiye littafi tun kafin ya buɗe. Wanda ya yarda akwai abin yi shi ke zuwa awo, shi ke shan magani a kan lokaci.

To ashe tunani mai kyau zai iya warkar da kowace cuta, kamar yadda ake faɗa a bidiyo?

Ba zai iya ba, kuma wannan magana ta cutar da mutanen da na sani. A 2011 masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka suka gwada masu asma. Da aka ba su abin shaƙa na wofi, sun ce sun ji sauƙi kusan daidai da lokacin da aka ba su na gaske. Amma da aka auna huhu, maganin gaske ya buɗe shi da kashi 20 cikin ɗari, na wofin kashi 7, daidai da zaman da ba a ba su komai ba. Jin sauƙi daban, samun sauƙi daban, kuma mai asma da ya dogara da jin kawai yana cikin haɗari.

Wani kawuna mai ciwon suga ya saurari wani saƙon murya a WhatsApp da ke cewa duk cuta daga tunani take, wanda ya tsarkake zuciyarsa ba ya buƙatar ƙwaya. Mutum ne mai yaƙini, ya ɗauka da gaske. Da na je gaishe shi na ga ledar maganinsa a kan taga, ƙurar hunturu ta rufe ta, ya ce min, “Ɗana, wata uku rabona da su, kuma ban taɓa jin ƙarfi irin na yanzu ba.” Bayan 'yan makonni ya taka ƙaya a gona, gyambon ya ƙi warkewa, aka yanke masa yatsu biyu. Ya koma kan maganinsa, yana nan da ransa, alhamdu lillahi. Wani mugun abu da wannan koyarwa ke yi kuma shi ne ɗora wa majinyaci laifi, a ce mai sankara ko mai sikila raunin zuciyarsa ne ya hana shi warkewa. Wannan zalunci ne a kan wanda ciwo ya riga ya kayar.

Duk wannan bai ci karo da imani da ƙaddara ba?

Fatawa ta malaman addini ce, amma abin da muka koya tun muna yara ya ishe ni. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham aka ba shi labarin annoba, ya yanke shawarar juyawa. Abu Ubaida ya ce masa, gudun ƙaddarar Allah za a yi? Ya ce, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Sannan ya buga misali da mai raƙuma da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya mai dausayi ɗaya busasshe: duk inda ya kai su kiwo, da ƙaddarar Allah ya kai su. Ga kuma wanda aka ce masa ya ɗaure raƙumarsa sannan ya yi tawakkali. Ƙwayoyin gado sababi ne cikin sabubba, kamar abinci da magani da tarbiyya. Babu wanda ya ga abin da aka rubuta masa, kuma takardar gwaji ba ita ce Lauhul Mahfuz ba.

Hali fa? Ana cewa hali zanen dutse, kuma wasu gidaje ko ƙabilu an san su da abu kaza.

Yanayin mutum, kamar saurin fushi ko kunya, yana da rabon gado, kuma uwa kan gane shi tun a goye. Amma babu ƙwayar gadon sata, babu ta ƙira ko fawa ko wanzanci. Ɗan maƙeri ya iya ƙira ne saboda ya tashi yana zuga tun yana shekara shida. Ɗan Bahaushen da aka haifa a zangon Kumasi yana jin yaren Tuwi kamar Ba'ashante, na Sudan yana Larabci kamar ruwa. Hausawan da suka ce hali zanen dutse su ne suka ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, su ne kuma suka ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, don sun ga 'ya'yan da ba su yo iyayensu ba.

Hukunta mutane da asalinsu ya taɓa sanya rigar kimiyya. A 1883 wani Bature ɗan Ingila, Francis Galton, ya raɗa wa aƙidar tace irin ɗan Adam suna. A kanta aka yi wa mutum sama da 60,000 aikin hana haihuwa da tilas a Amurka, a Jamus ta Hitila kusan 400,000. Da aka karanta DNA sai aka ga kowane mutum biyu a duniya sun yi tarayya a kusan kashi 99.9 cikin ɗari na rubutun.

Ina son wata yarinya, amma an ce akwai taɓin hankali a danginsu. Kuma 'yar kawuna ce ta wani ɓangaren. Me zan duba?

Fara da tambayar wane ne, kuma me ya same shi. Taɓin hankali iri-iri ne, kuma da yawa ba su da alaƙa da gado: sanƙarau, bugun kai a haɗari, shaye-shaye, ko rikicewar da kan sami mace bayan haihuwa. Ko mai tsananin nan da ke sa mutum jin muryoyi, wanda yake da rabon gado, yana kama kusan mutum ɗaya cikin ɗari a jama'a, ɗan wanda ke da shi kuwa kusan ɗaya cikin goma. Tara cikin goma ke nan ba sa kamuwa. Tagwaye masu kama ɗaya ma, idan ɗaya ya kamu, kusan rabin lokaci ɗayan yana tsira. Shan wiwi tun ana ƙuruciya yana ƙara haɗarin, kuma ciwon yana da magani.

Auren zumunci kuma yana ƙara yiwuwar ku biyun kuna ɗauke da ɓoyayyen abu ɗaya daga kaka ɗaya, irin yadda aka bayyana a amsar sikila. A auren bare, jarirai 2 zuwa 3 cikin ɗari ake haifa da wata naƙasa. Tsakanin 'ya'yan wa da ƙani adadin yana kusan ninkawa, kuma yana ƙaruwa idan an daɗe ana auren gida a kan gida. Ku zauna da dattijan matan gidan, su suka san wanda aka haifa kurma, da jariran da suka rasu a jere ba a san dalili ba. Ku kai wannan bayani wurin likita, ku yi gwajin jini ku biyu tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, lokacin da fasawa ba za ta raba zumunci ba. Idan sakamakon ya saɓa da wanda ɗayanku ya taɓa samu a baya, ku maimaita shi a wani asibitin daban kafin a sa rana.